Ƙungiyar da Ta Taimake Ni Tana So In Shiga Kwamitin Amintattunta

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai yara uku. Bayan rasuwar maigidana a shekarun baya na shiga wani hali na ƙunci har na rasa inda zan sa kaina. Wata ƙungiyar agaji mai tallafa wa iyalai marasa galihu ta karɓe ni, ta haɗa ni da wata ma'aikaciya da ke saurarona tana ba ni shawara, ta koya mini sana'a, ta kuma tsaya wa yarana har suka koma makaranta. Alhamdu lillahi, yanzu ina riƙe da kaina. Kwanan nan daraktar ƙungiyar ta kira ni ta ce suna so in shiga kwamitin amintattu, aikin sa kai ne ba albashi, domin suna buƙatar muryar wanda ya taɓa cin gajiyar aikinsu. Na yi farin ciki, amma zuciyata ta kasa natsuwa. Sauran 'yan kwamitin lauyoyi ne da akantoci da manyan 'yan kasuwa, ni kuwa karatuna bai yi nisa ba. Akwai abin da nake gani ba daidai ba a aikin ƙungiyar, musamman yadda ake yi wa sababbin masu neman taimako tambayoyin sirri a gaban mutane, amma da wane baki zan soki waɗanda suka rufa mini asiri? Daraktar ta kuma ambata cewa zan riƙa ba da labarina a tarukan neman gudummawa, alhali akwai abubuwan da ko 'ya'yana ba su sani ba, kuma duk suna cikin fayil ɗina a ofishinsu. Ƙanwata tana karɓar tallafi a wurinsu yanzu haka. Yayana ya ce in ƙi, wai ado kawai za a yi da ni. Ina so in rama alheri, amma ina tsoron in ji kunya. Me ya kamata in yi?

Wata mai neman shawara

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya miki yaran nan. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma ra'ayina shi ne ki karɓi kujerar nan, amma kada ki amsa yau ko gobe, sai kin zauna da darakta da shugaban kwamitin kun daidaita a kan wasu sharuɗɗa da zan bayyana miki. Tsoron da kike ji yana da tushe, domin kowane abu da kika lissafa yana faruwa da gaske a irin waɗannan ƙungiyoyi, sai dai kusan dukkansu ana iya toshe ƙofarsu tun kafin a shiga.

Bari mu fara da ainihin abin da ake kiran ki ki yi, domin mutane da yawa suna amsa irin wannan gayyata suna zaton girmamawa ce kawai. Kwamitin amintattu shi ne ke riƙe da amanar ƙungiya a gaban doka da masu ba da tallafi da jama'ar da ake yi wa hidima. Shi ke amincewa da kasafin kuɗi, shi ke duba rahoton masu binciken kuɗi, shi ke tsara manufofi, kuma a yawancin ƙungiyoyi shi ke ɗaukar darakta aiki, ya auna ƙwazonta, ya sallame ta idan ta gaza. Ma'anar wannan ita ce, daga ranar da kika rattaba hannu, daraktar da ta kira ki za ta riƙa kawo rahoton aikinta gabanki tare da sauran 'yan kwamitin, kuma ƙuri'arki ɗaya ce daidai da ta lauyan da ke zaune kusa da ke. Gudanar da aikin yau da kullum kuwa, irin su wa za a ba tallafi wannan makon da wa za a tura wane ofis, wannan na darakta ne da ma'aikatanta, kuma ɗan kwamitin da ya san aikinsa ba ya tsoma baki a ciki.

Kada ki ɗauka alfarma ake yi miki da wannan gayyata. A wasu ƙasashe doka ce ta wajabta irin wannan kujera. A Amurka, dokar yaƙi da talauci ta 1964 ta zamanin Shugaba Lyndon Johnson ta nemi a sa talakawa cikin tafiyar da shirye-shiryen da aka yi dominsu iyakar iyawa, kuma har yau hukumomin tallafa wa al'umma da suka samo asali daga wannan doka dole ne aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwamitinsu ya zama wakilan masu ƙaramin ƙarfi. Cibiyoyin lafiya na al'umma da gwamnatin tarayyar ƙasar ke ba kuɗi sun ma fi haka tsauri, domin aƙalla kashi 51 cikin ɗari na 'yan kwamitinsu dole su kasance marasa lafiyar da ke zuwa jinya a cibiyar, kuma wannan kwamitin ne ke amincewa da kasafin kuɗi da naɗin shugaban cibiyar. A taron ƙoli kan cutar ƙanjamau da aka yi a birnin Paris a 1994, ƙasashe 42 sun amince cewa masu ɗauke da cutar su shiga cikin tsara manufofin da suka shafe su. Duk waɗannan sun biyo bayan darasi guda da aka koya da wahala, wato shirin da aka tsara ba tare da masu amfani da shi ba yakan ɓata kuɗi a kan abin da ba a buƙata, ya bar abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a cikin dukan 'yan kwamitin nan ke kaɗai ce kika taɓa zama a kan bencin jira.

Wannan ya kawo mu ga abin da na ga ya fi yi miki nauyi, wato jin nauyin waɗanda suka taimake ki. Godiyarki abin yabo ce, kuma ba zan ce ki rage ta ba. Amma ki tuna cewa taimakon da aka yi miki ba bashi ba ne. Masu ba da gudummawa sun ba da kuɗinsu domin a tallafa wa mutane irinki, ma'aikatan sun yi aikin da aka ɗauke su dominsa, kuma sun yi shi da kyau tunda ga ki a tsaye. Idan kika shiga kwamiti kika kama bakinki saboda kara, to ƙungiyar ba ta sami komai daga gare ki ba, kuma matar da za ta zo gobe cikin halin da kika taɓa shiga za ta zauna a gaban tebur ɗin nan, a tambaye ta da ƙarfi ko mijinta ya bar mata wani abu, ko tana da bashi, ko an taɓa dukanta, alhali mutanen da ke layi suna jin kowace kalma. Kin san yadda murya ke sarƙewa a wannan lokacin, kin san yadda mutum ke rage gaskiya domin kare mutuncinsa, har a rubuta bayanin da bai cika ba a kuma ba shi taimakon da bai dace da matsalarsa ba. Akanta ba zai ga wannan a cikin lissafi ba, lauya ma ba zai gan shi a cikin takardu ba. Faɗin wannan magana shi ne babban alherin da za ki iya rama wa ƙungiyar da shi.

Yadda za ki faɗe ta kuma yana da muhimmanci. Kada ki kawo ta a zaman farko, kuma kada ki ambaci sunan wani ma'aikaci, domin galibi irin wannan matsala daga ƙarancin ɗaki da yawan jama'a take tasowa, ba daga mugun nufi ba. Ki fara sanar da darakta ku biyu, don kada ta ji maganar karon farko a gaban kwamiti ta ɗauka an shirya mata tarko. Sannan ki nemi sakatare ya sa batun a ajanda, ki gabatar da shi a matsayin tambaya kan tsari: shin ƙungiyar tana da rubutacciyar ƙa'ida kan sirrin masu neman taimako, kuma me zai ci a keɓe wuri domin ganawar farko? Da zarar kin sa maganar a wannan siga, lauyan zai tuna da dokar kare bayanan mutane, ma'aji zai fara lissafin kuɗin gyara, kuma batun ya zama na kwamiti gaba ɗaya.

Game da ƙarancin karatu, ba zan ɓoye miki cewa watannin farko za su yi wuya ba. Za a turo miki takardu masu yawa cike da alƙaluma da kalmomin da ba ki saba ji ba. Sai dai yawancin sababbin 'yan kwamiti, har da masu digiri, ba su iya karanta rahoton kuɗi ba sai an koya musu, kuma haƙƙinki ne ki nemi a koya miki. Ki roƙi ma'aji ya zauna da ke kafin zaman farko ya bi da ke ta kan kasafin shekarar layi bayan layi. Ki nemi a haɗa ki da wani tsohon ɗan kwamiti da za ki riƙa kira kafin taro, kuma a riƙa turo takardu kwanaki kafin zama. Tambayoyin da suka fi tsare ƙungiya ba su buƙatar digiri: daga ina kuɗin nan suke zuwa, nawa ne ke isa ga mutanen da ake taimaka wa, wata nawa za mu iya ci gaba idan babban mai tallafa mana ya janye, kuma wa ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi? Macen da ta ciyar da yara uku da ɗan abin da ke hannunta ta san amfanin waɗannan tambayoyi sarai. Abu guda da nake gargaɗinki a kai da babbar murya shi ne kada ki taɓa kaɗa ƙuri'a ko ki sa hannu a kan abin da ba ki fahimta ba, domin amana ce a wuyanki, kuma a ƙasashe da yawa doka tana iya tuhumar 'yan kwamiti idan sakacinsu ya jawo asara. Saboda haka ki karanta kundin tsarin ƙungiyar, ki ga rahoton binciken kuɗi na baya-bayan nan, ki tambaya ko an yi mata rajista yadda ya kamata da kuma ko akwai inshorar da ke kare 'yan kwamiti.

Yayanki bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma ina ganin tausayinki ne ya sa shi magana. Akwai ƙungiyoyin da ke ɗauko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka taimaka wa, su sa hotonsa a rahoton shekara domin faranta ran masu ba da kuɗi, alhali an gama yanke shawara tun kafin a shiga ɗakin taro. Tun a 1969 wata mai nazari Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kasa shigar da jama'a cikin yanke shawara zuwa matakai takwas, ta nuna cewa na tsakiya, inda ake sanar da mutane ko a ji ra'ayinsu ba tare da ba su iko ba, na ganin ido ne kawai. Hanyar gane inda wannan ƙungiya ta tsaya ita ce tambaya kai tsaye. Kina da cikakkiyar ƙuri'a? Za ki ga duk takardun da sauran ke gani, har da na kuɗi da na albashin darakta? Za a iya sa ki a ƙaramin kwamitin da ke duba shirye-shirye ko kuɗi? Wa'adin shekara nawa ne? Sannan ina ba ki shawara ki nemi a ƙara wata kujera ga wani da ya taɓa cin gajiyar ƙungiyar, ko yanzu ko nan gaba kaɗan, domin mutum ɗaya tilo yakan gaji, kuma akan ɗora masa nauyin magana da yawun kowa, alhali abin da ya same ki daban yake da abin da ya sami wasu. Ki gaya wa yayanki amsoshin da kika samu, zai fi samun natsuwa idan ya ga kin shiga da idonki a buɗe.

Batun ba da labarinki a tarukan neman gudummawa shi ne inda nake so ki fi tsayawa da ƙarfi. Labarinki naki ne, kuma zama ɗan kwamiti ba ya wajabta wa kowa tona cikinsa. Ba a tambayar akanta ya ba da tarihin aurensa kafin a saurari ra'ayinsa a kan kasafi, ke ma haka. Ina kyautata wa daraktar zato, domin tana ɗauke da nauyin biyan albashi da ci gaba da aiki, kuma ta san cewa labarin mutum ɗaya yakan taɓa zuciyar masu bayarwa fiye da shafuka na alƙaluma. Amma buƙatarta ba ta kai ta zama dalilin da 'ya'yanki za su ji sirrin mahaifiyarsu a bakin wani ko su gan shi a intanet ba, kuma abin da ya hau intanet da wuya a iya goge shi. Ki raba abubuwan biyu a fili: kujerar kwamiti daban, ba da labari daban. Idan wata rana kika ga kina so ki yi magana, ki zaɓi abin da za ki faɗa da kanki, ki rubuta shi tun a gida, ki kuma sa sharaɗin cewa ba za a ɗauki hotonki ko muryarki a yaɗa ba sai da rubutaccen izininki na wannan karon kaɗai. Idan aka ce ba kujera sai da labari, to kin sami amsar tambayar yayanki, kuma sai ki yi godiya ki janye.

Fayil ɗinki kuwa, a tsarin da ya dace 'yan kwamiti ba su da hurumin buɗe fayil ɗin kowane mai neman taimako, naki ko na wani. Ki nemi a tabbatar miki da wannan a rubuce, a kuma gaya miki wa ke da damar ganinsa a ofis. Ki tuna kuma da ma'aikaciyar da ta riƙa saurarenki, domin ita ma za ta iya shiga tsaka mai wuya ganin wadda ta san sirrinta ta zama ɗaya daga cikin masu sa ido a kan shugabarta. Ki same ta ku gaisa, ki gode mata, ki gaya mata cewa abin da ya gudana tsakaninku yana nan a rufe ta ɓangarorin biyu, kuma idan wata magana da ta shafi aikinta ko albashinta ita kaɗai ta zo gaban kwamiti za ki janye daga tattaunawar. Idan kuma wata rana kika sake buƙatar taimako, domin rayuwa juyi gare ta, ki tambaya tun yanzu yadda ake yi a irin wannan hali, ko za a tura ki wata ƙungiya ko za a bi da ke ta hannun wani ma'aikaci dabam, don kada kujerar ta hana ki neman abin da kike da haƙƙi a kansa.

Maganar ƙanwarki ba ta hana ki shiga, amma dole ki bayyana ta tun farko, a rubuta a cikin bayanan kwamiti. Hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales ta yarda masu cin gajiyar ƙungiya su zama amintattunta, da sharaɗin su ɗauki nauyi iri ɗaya da sauran, su fifita maslahar ƙungiyar, su kuma janye duk lokacin da shawara ta shafi amfanin kansu ko na makusantansu. Wannan ƙa'ida ce mai kyau a ko'ina. Idan ana tattauna shirin da ƙanwarki ke ciki ta yadda hukuncin zai ƙara mata ko ya rage mata, sai ki faɗa, ki fita daga ɗakin har a gama. Ki kuma zauna da ita kafin ki amsa, domin ta yiwu ba ta so a san tana karɓar tallafi, kuma ya ishe ki ki ce wata 'yar'uwarki ta kusa tana cikin shirin ba tare da bayyana halin da take ciki ba. Ki shirya wa wani abu ma da ba ki ambata ba: da zarar an ji kin shiga kwamiti, 'yan'uwa da abokan arziki za su zo neman ki sa baki a saka sunansu. Amsarki ta zama iri ɗaya ga kowa, cewa ba ki da hannu a zaɓen waɗanda ake ba tallafi, ga kuma hanyar da ake bi a nema. Za a ji haushinki da farko, amma alfarma ɗaya da kika nema wa wani za ta iya zubar da ƙimar duk maganar da za ki yi a kwamitin daga baya.

Aikin sa kai ne, amma bai kamata ya ci aljihunki ba. Biyan kuɗin mota da na kula da yara a lokacin taro abu ne da aka saba a ƙungiyoyi da yawa, kuma ba albashi ba ne, don haka ki tambaya ba tare da jin kunya ba. Ki tambayi sau nawa ake zama a shekara, da wane lokaci, da kuma ko ana sa ran kowane ɗan kwamiti ya ba da gudummawar kuɗi, domin wasu kwamitoci suna da wannan al'ada, kuma gara ki sani tun yanzu a daidaita shi da ƙarfinki.

Idan bayan duk wannan kika ji zuciyarki ba ta kwanta ba, akwai hanyoyi tsakanin amsawa da ƙi. Kina iya neman halartar zama ɗaya ko biyu a matsayin mai kallo, ki ga ko ana muhawara da gaske ko gyaɗa kai kawai ake yi. Kina iya fara aiki a ƙaramin kwamitin shirye-shirye na shekara guda, ko ki ba da shawarar a kafa majalisar tuntuɓa ta waɗanda suka ci gajiyar ƙungiyar wadda za ta riƙa kai rahoto ga amintattu. Idan kuma kika lura cewa shiga ginin nan yana tayar miki da tsohon ciwo har ya hana ki barci, to jinkirtawa ba gazawa ba ce, kuma lafiyarki da tarbiyyar yaranki suna gaba da kowace kujera.

Abin yi a wannan makon shi ne ki kira daraktar, ki gode mata, ki ce kina da sha'awa kuma kina so ku zauna da ita da shugaban kwamitin kafin ki ba da amsa. Ki nemi a turo miki kundin tsarin ƙungiyar da rahoton kuɗi na ƙarshe da bayanan zama biyu da suka gabata, ki rubuta tambayoyinki a takarda ki tafi da su. Ki lura da yadda za a karɓi tambayoyin nan, musamman na labarinki da na ƙuri'a. Idan an amsa miki a fili ba tare da ɓata rai ba, ki karɓi kujerar, ki ɗauki zama biyu na farko kina sauraro kina koyo, sannan a na uku ki sa batun ganawar sirri a ajanda. Allah ya yi miki jagora, kuma ina so ki sake rubuto mini yadda ganawar ta kasance.